Na ce wa ɗana na yafe, amma har yau da makulli nake kwana

Maman Uku

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Maganar nan ta daɗe tana cina, na rubuta na goge ya fi a ƙirga. Yau dai na ce bari in amayar, ko Allah zai sa in dace da wanda zai faɗa min abin da zan riƙe.

'Ya'yana uku. Babban namiji ne, shekararsa 19, sai mace mai 14, sai ɗan auta mai 6. Wata bakwai ke nan da zoben mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ya ɓace. Ba wani zobe ne na a zo a gani ba, siriri ne, har ya ɗan lotsa ta gefe guda saboda daɗewar da ya yi a yatsarta. Ni na zare shi da hannuna ranar da ta rasu. Ba na sa shi. Yana ƙunshe a wani ɗan ƙyalle can ƙasan akwatina, in kewarta ta taso min in ɗauko in duba in mayar.

Ranar da na neme shi na rasa, na tara yaran na tambaye su. Babban ya ce, ko ƙifta ido bai yi ba, ai shekaranjiya ya ga ƙanwarsa ta buɗe akwatin. Gaskiya ne kuma ta buɗe, ni ce ma na sa ta jera min kaya. Ban tsaya bincike ba. Na mare ta, na kira ta ɓarauniya a gaban ƙaninta. Ta yi rantsuwa har muryarta ta dishe, ban saurare ta ba. Mun yi mako uku in ta gaishe ni da ƙyar nake amsawa.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wata rana da yamma wani abokin babban ya zo ƙofar gida yana ɗaga murya, wai a ba shi cikon bashinsa tunda kuɗin zoben bai kai ba. Ina tsaye a bayan ƙofa na ji da kunnena. Ashe cacar ƙwallo yake yi a waya, an cinye shi, ya ranto don ya fanshe, aka sake cinye shi. Da ya shigo ban san sanda bakina ya ce "Allah ya isa tsakanina da kai" ba. Sau biyu na faɗa. Mahaifinsu ya bi sawun zoben, aka ce an riga an narkar.

Bayan wata biyu, wata asuba ina kan sallaya, ya shigo ya durƙusa yana kuka kamar ƙaramin yaro, ya ce Mama ki yafe min. Na ce na yafe, Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Wallahi a lokacin da gaske nake.

To amma ga halin da nake ciki. Makullin akwatin a ƙarƙashin matashina yake kwana. In na ji takunsa ya nufo ɗakina sai in kasa kunne, in ji ko zai tsaya ko zai wuce. In ya ce a ba shi kuɗin wani abu na makaranta, sai na kira na tabbatar. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne sujada. Addu'ar sauran biyun tana fita sumul, in na zo kansa sai in ji wani abu ya tokare min maƙogwaro. Ina yi masa, amma kamar mai biyan bashi.

Shin yafiyata ta yiwu, ko yaudarar kaina nake yi? Kuma "Allah ya isa" ɗin da na yi, tana nan tana binsa ne ko ta goge? Tun muna yara muke jin bakin uwa kaifi gare shi. Jiya ya dawo da zazzaɓi, na kwana ban runtsa ba ina cewa ko ni ce.

Almajirin Tafsiri

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni ba mai fatawa ba ne, ɗalibi ne, amma akwai wani wuri a Suratu Yusuf da nake ganin kamar don irinku aka ajiye shi.

Mutane sun fi riƙe maganar Annabi Yusuf (AS) a aya ta 92, inda 'yan'uwansa suka amsa laifi, shi kuma nan take ya ce babu zargi a kanku yau. Ki ɗan gangara zuwa aya ta 97 da ta 98. Su dai waɗannan 'ya'yan suka je wa mahaifinsu suka ce ya nema musu gafara. Annabi Yaƙub (AS) bai ce "yanzu" ba. Cewa ya yi da sannu zan nema muku gafarar Ubangijina. Malaman tafsiri da dama sun ce jinkirtawa ya yi zuwa ƙarshen dare, lokacin amsar addu'a, kuma wannan fassara ce mai kyau. Ni dai abin da ke tsaya min a rai shi ne, ɗan'uwan da aka jefa a rijiya ya fi saurin furtawa a kan uban da ya yi ta kuka har idanunsa suka yi fari. Ciwon da ɗa ke ji wa mahaifi daban ne, domin daga inda ba ka sa gadi ba yake shigowa.

Batun makulli kuma, duba aya ta 64. Da suka nemi ya ba su ƙaninsu su tafi da shi Masar, ce musu ya yi, in amince muku a kansa kamar yadda na amince muku a kan ɗan'uwansa a da? Bai sake shi ba sai da ya karɓi alkawari mai nauyi da sunan Allah, a aya ta 66. Annabi ne fa, kuma 'ya'yansa ne na cikinsa. Bai kore su ba, bai tsine musu ba, yana zaune da su shekara da shekaru, amma bai sake miƙa amana ido rufe ba.

Akwai kuma labarin Wahshi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza a yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira. Ya zo ya musulunta, Manzon Allah (SAW) ya karɓi musuluncinsa, bai taɓa shi ba. Sai dai ya tambaye shi ko zai iya ɓoye masa fuskarsa. Yana cikin Bukhari. An bar shi da ransa, an karɓe shi, amma ganin fuskar yana fama ciwon. To wace ce ke da za ki ce lallai sai zuciyarki ta koma fes cikin wata biyar?

A Suratut Tagabun aya ta 14, wadda ke magana a kan mata da 'ya'ya, kalmomi uku Allah ya jero: ku yafe, ku kau da kai, ku gafarta. Malamai sun bambanta su. Ta farko barin ramuwa ce, ta biyu barin gori da zargi, ta uku rufe laifin. Ta farkon kin yi ta tun ranar asubar nan. Ta biyun ce aikinki na yanzu, wato kada zancen zobe ya zama sandar da za ki riƙa ɗaukowa duk sanda ya makara ko ya fasa kofi.

Maganar "Allah ya isa", ba zan ɓoye miki ba, kuskure ne. A hadisin Jabir da ke cikin Muslim an hana mu yin mummunar addu'a ga kanmu da 'ya'yanmu da dukiyarmu, don kada a dace da sa'ar amsawa. Amma haƙƙinki ne kika kai ƙara a kansa, kuma mai haƙƙi yana da ikon janyewa. Kin janye. Ki yi istigfari, ki bi ta da addu'ar alheri ki ambaci sunansa, ko da tana fita da nauyi. Zazzaɓi kuwa ki kai shi asibiti. Da ana gane bakin uwa da zazzaɓi, da duk gidajen duniya a kwance ake.

Ta Tsakiya

Mama, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, ba rashin kunya ba ce. Na karanta rubutunki sau biyu ina neman inda za ki dawo kan yarinyar, ban gani ba. Kin mare ta, kin kira ta ɓarauniya, kin ɗaure mata fuska mako uku, daga nan ta ɓace daga labarin kamar yadda zoben ya ɓace. Duk tambayoyinki a kan wanda ya yi laifin ne. Ita wadda aka yi wa fa?

Ina faɗa ne domin ni ce yarinyar nan a gidanmu. Ina da shekara 12 kuɗi suka ɓace a ɗakin babanmu, aka ce ni ce, saboda ni ke share ɗakin. Dukan bai dame ni ba kamar yadda ya sa aka zazzage jakar makarantata a tsakar gida, littattafaina a ƙasa, kowa na kallo. Bayan kwana huɗu aka ga kuɗin a aljihun wata rigarsa. Kin san abin da ya biyo baya? Babu. Washegari ya sayo min sabon takalmi ya ajiye a bakin gadona. Na gane nufinsa sarai, na sa takalmin, na yi godiya. Yanzu shekarata 34, da 'ya'yana biyu, kuma har gobe in wani ya ce "ina na ajiye kaza?" a inda nake, sai na ji gabana ya faɗi, in fara nuna hannuwana. Mijina dariya yake yi min, bai san daga ina abin ya samo asali ba.

Babana ya rasu ina sonsa, na kuma yafe masa tun yana raye. Amma kalma uku nake jira daga bakinsa, "ban kyauta ba", har aka binne shi ban ji ta ba.

Mu iyaye (yanzu na shiga layin, na san daɗin abin) mun haddace ayoyin biyayya tsaf, kamar mu kaɗai aka saukar wa. Amma hadisin nan na Bukhari da ya ce duk wanda ya zalunci ɗan'uwansa a mutuncinsa ko wani abu ya nemi warwarewa tun yau, kafin ranar da babu dinari babu dirhami, ban ga inda aka ce ban da 'ya'yanka ba. Ƙazafin sata taɓa mutunci ne. Kuma a gaban ƙaninta kika yi, don haka a gabansa ya kamata ki wanke ta. Yaro ɗan shekara 6 ba ya manta ranar da aka kira yayarsa ɓarauniya, sai dai ya rasa wanda zai tambaya.

Shi ma babban, ya durƙusa miki, madalla. Ita ya durƙusa mata? Domin abin da ya yi mata ya fi zoben muni. Zoben don ya fita daga bashi ya ɗauka, ita kuwa kallon idonta ya yi ya tura ta ramin da ya haƙa.

Baban Samari

Ta Tsakiya ta gama magana a ɓangaren yarinya, ba ni da ƙari. Ni kan yaron zan tsaya, kuma zan ɗan saɓa da masu lallashi.

Hajiya, kuka ba tuba ba ne. Na ga irinsa a ɗan ƙanena da na riƙe, sau uku yana durƙusawa, sau uku yana komawa. Ba wai ƙarya yake yi lokacin kukan ba, da gaske yake, sai dai caca ba ta jin kuka. Yadda take kama mutum shi ne, in an cinye shi ba ya ganin ya yi asara, gani yake kuɗinsa na can an riƙe masa, saura ƙiris ya karɓo. Shi ya sa yake ranto na biyu don ya ceto na farko, kamar yadda ɗanki ya yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa jarabar caca a jerin cututtukan da ake neman magani a kansu. Allah kuma da ya haramta ta a Ma'ida aya ta 90, tare da giya ya haɗa su, aya ta gaba ta ce da su Shaiɗan ke jefa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane. Ga shi kin gani a ɗakinki.

Saboda haka tambayar da zan yi miki: manhajar cacar tana wayarsa har yanzu ko ya goge? Wa ya gani? Akwai sauran bashin da bai faɗa ba? Galibi akwai. A zaunar da shi, shi da mahaifinsa, a rubuta duk wanda ke binsa a takarda, ba tare da zagi ba, don in ya ji za a yi masa tsawa rabi zai faɗa.

Sannan malamai sun ce in laifi ya shafi haƙƙin wani, bayan dainawa da nadama da ƙudurin ba za a koma ba, sai an mayar da haƙƙin. Zoben ya tafi, amma ƙimarsa tana nan. Ko da kin yafe, ni a ganina ki bar shi ya biya, kaɗan-kaɗan, da guminsa. Ba don kina buƙata ba. Ɗan ƙanen nawa sai da ya shekara yana biyana kafin ya iya kallon idona, kuma shi da bakinsa ya ce min ranar da ya kawo na ƙarshe ce ranar da ya ji ya dawo mutum. Yafiyar da muka yi ta yi masa a baya kyauta, nauyi ta riƙa ƙara masa.

Makulli kuwa ki ci gaba da ajiyewa, kada ki ji kunyar kowa. Mumini ba a saransa sau biyu a rami ɗaya. Taimakonsa ma kike yi.

Ummu Auta

Ni dai kuka kawai nake yi. Allah ya shirya mana zuri'a. Abu ɗaya zan ce, in za ki ba yarinyar haƙuri kada ki haɗa da "amma ke ma da kin…". Mahaifiyata ta taɓa ba ni haƙuri da "amma", gara ma da ba ta bayar ba.

Maman Uku

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Kwana biyar ban dawo ba saboda maganar Ta Tsakiya ta hana ni sukuni. Da farko haushi na ji, na ce wannan yarinya ba ta san zafin haihuwa ba (sai daga baya na ga ashe 'ya'yanki biyu, ki yafe ni). Na koma na karanta abin da na rubuta da kaina. Gaskiyarki. Ban ma lura ba.

Abin da na yi mata bayan gaskiya ta fito shi ne na mayar mata da wayarta da na ƙwace, na saya mata sabon mayafi. Takalmin babanki ke nan, sak.

Shekaranjiya da daddare na kira ta, na kira autan. Na shirya magana mai tsawo tun da rana, da na buɗe baki duk ta gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, ba ki ɗauki zoben nan ba, na yi miki ƙazafi, na mare ki a kan abin da ba ki yi ba, ban kyauta ba, ki yafe min. Na ciji harshena a kan "amma", Ummu Auta, saura kaɗan ta kuɓuce.

Na zaci za ta yi kuka ta faɗo jikina. Ba ta yi ba. Tana ta murza bakin hijabinta, idonta a ƙasa, ta ce "Ba komai Mama." Na ce a'a, da komai. Shiru, shiru, can ta ce, "Na rantse miki da Allah fa, sau nawa. Shi bai ko rantse ba kika yarda da shi." Ban sami amsa ba. Har yanzu ban samu ba. Autan ne ya katse shirun, wai shi dama ya san ba Yaya ba ce, don ranar ya ga babban yana cusa wani abu a safarsa. Na ce me ya hana ka faɗa? Ya ce ai ba ki tambaye ni ba.

Ta ce ta yafe. Na karɓa, amma na ga idonta, na kuma gane shi, domin irin yafiyar da na yi wa yayanta ce. Baki ya riga zuciya. Yanzu ni ce a durƙushe ina jiran wata ta huce, kuma ba na so a gaggauta ta, ba na so kowa ya ce mata ai uwa ce, ki manta. Abin mamaki, a daren na yi wa babban addu'a ta fita ba tare da tokarewar nan ba. Ban ce ta tafi ke nan ba, jiya ta ɗan dawo.

Baban Samari, mahaifinsu ya zauna da shi. Akwai sauran bashi wurin mutum biyu, kamar yadda ka ce. An rubuta. Manhajar ya ce ya goge tun tuni, mahaifinsa ya duba bai gani ba, Allah ne masani. Ya yarda zai riƙa biyan kuɗin zoben daga ɗan aikin da yake yi ranakun hutu, na kuma yanke cewa duk abin da ya kawo ƙanwarsa zan tara wa.

Saura ba ta haƙuri. Na faɗa masa, ya ce zai yi, kwana biyu ke nan yana kewaye-kewaye. Ɗazu na gan shi tsaye a ƙofar ɗakinsu tana karatu, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, ya sauke, ya wuce kamar ruwa ya je sha. Ban sani ba ko in tura shi ko in ƙyale shi ya kai kansa. Waɗanda suka riƙe samari, me kuka gani?